Wuri na Bakwai

Gadona bai wuce tafin hannu ba:
littafin aljihu mai shuɗin bango,
manja ya cinye rabin shafin farko.
Wurare bakwai Baba ya jera a bin kwarin rafi,
shida ya soke da jan biro,
na bakwai ya bar shi tsaye, da ɗigo uku a gaba.

Da bazara na fara, ni da Iro mai babur.
Rafin ya ƙafe, rairayi na gasa dunduniya,
mata na yasar gurbi da ƙoƙo,
suna jiran ruwa ya tsatso kamar mai jin kunya.
A Durɓi ta Kusheyi na tsaya gaban tuddai,
na yi sallama, ban san wa nake gaisarwa ba.
Akuya ce ta amsa daga saman tudu,
tana tuƙa a kan manyan dauri
ba tare da ta cire takalmi ba.

Ruwa ya sauka, muka nufi tsohon karofi.
Ramukan rini sun cika da ruwan sama,
kwaɗi sun gaji sana'ar, ba mai biyan su.
Wani tsoho, Mati, yana zaune kan turmi,
faratansa har yau da sauran shuɗi.
Na ce, "Sawun Baba nake bi."
Ya yi dariya har da tari:
"'Yar nan, baba ya ƙare a nan tun kafin a haife ki."
Shi shuni yake nufi.
Ban gyara masa ba.

Cikin marka rafin ya hana mu hayi.
Mako uku ina zuwa bakin mashaya
ina kallon abin da ya kwaso:
karan dawa, murfin tukunya, takalmin yaro ƙafa ɗaya.
Iro ya ce babur ɗinsa ba kwalekwale ba ne,
kuma bai yi sallama da iyalinsa ba.

Da kaka, a gindin dutse, bayan an yanke gero,
wani manomi ya nuna mini kashin tama,
baƙi, mai nauyi, da ƙofofi kamar saƙar zuma.
Ya ce duk shekara fartanya na tono shi,
duk shekara yana zubarwa kan iyaka.
Ƙarfe na cin karo da uwarsa, ba su gane juna ba.
Ya cika mini jaka da gyaɗa ɗanya,
na ɓoye dunƙule ɗaya a ƙarƙashi.

Da ɗari na koma birni, na hau Gobarau
a hankali, gwiwa na ƙorafi.
Can sama Katsina ta kwanta kamar tabarma,
ganuwa ta ragu, nan guntu, can guntu,
kamar haƙoran Mati.
A Daura na sha ruwan Kusugu da moɗa,
yana da ɗumi. Baba ya rubuta haka, kalma biyu.

Saura ɗaya. "Unguwar Kanya. A jira bazara."
Ba ta cikin taswira, direbobin tasha ba su san ta ba.
Wani masunci ne ya nuna tsakiyar madatsa da haɓa.
Na jira ruwan ya janye, wata biyu cur.
Sai ga ta: kututturen kanya, da'irar rumbu,
dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya,
laka ta tsage kamar bayan kunkuru.
A nan aka binne cibiyarsa.
Bai taɓa faɗa mana ba.

Na ciro jan biro, na buɗe shafin.
Hadari na haɗuwa daga gabas,
Iro na ta matsa ƙaho a bakin gaɓa.
Na mayar da murfin biron.
Na zauna kan dutsen kaɗan.